BABI NA HUƊU: TARKEN BAJE-KOLIN TUKWANE A WANI GIDAN GINI NA ZAMANI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin sana'ar ginin tukwane ta gargajiya, tun daga haƙar yumɓu da kwaɓa shi, har zuwa gashi da kai kaya kasuwa. A wannan babi kuwa za a dubi ɗaya ɓangaren sana'ar, wato ginin tukwane irin na zamani, wanda ake yi a kan faifan juyi, a shafe tukunya da ruwan sheƙi, sannan a gasa ta cikin tanderu har ta koma tangaran. Da yake Hausawa sun ce gani ya kori ji, na halarci ranar baje-koli ta wani gidan gini da ke ƙasar Gbagyi, wato mutanen da Hausawa suke kira Gwari, a wata Asabar cikin watan Disamba na shekarar da aka gudanar da wannan bincike. An sakaya sunan gidan da na ma'aikatansa, domin aikinsu ake son tarkewa, ba su kansu ba.

Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: shin abin da ake yi a irin wannan gida ci gaba ne na sana'ar da aka gada, ko kuwa wata sana'a ce dabam da ta ari sunan ta gargajiya da siffarta? Amsar wannan tambaya tana da muhimmanci, domin a kanta ne za a ɗora shawarwarin da za su zo a babi na biyar.

4.1 Tushen Gidajen Gini na Zamani

Ba za a fahimci abin da aka baje a ranar ba sai an san inda salon ya samo asali. A shekarar 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature ɗan ƙasar Ingila mai suna Michael Cardew aiki a matsayin jami'in kula da ginin tukwane. Bayan ya zagaya ƙasa, sai ya zaɓi garin Abuja na dā, wanda ake kira Suleja a yanzu, saboda akwai yumɓu da itace da ruwa a kusa, ga kuma goyon bayan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. A nan aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a shekarar 1952. Cardew ya shugabance ta har 1965, daga nan Michael O'Brien ya karɓa.

A shekarar 1954 ne Ladi Kwali ta shiga cibiyar, kuma ita ce mace ta farko da aka ɗauka. Kafin zuwanta ta riga ta gwanance a ginin hannu irin na matan Gbagyi, har Sarki yana ajiye tukwanenta a fada, inda Cardew ya fara ganin su. A cibiyar ta koyi aiki da faifan juyi, amma ba ta bar gina manyan tuluna da randuna da hannu ba, sai dai yanzu da yumɓu mai jure wuta sosai ake gina su, a shafa musu ruwan sheƙi, a gasa a tanderu. An nuna aikinta a Landan a shekarun 1958 da 1959 da 1962. Ta sami lambar girma ta MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Tun daga 2007 hotonta yake a bayan takardar naira 20.

Waɗanda suka koyi aiki a wannan cibiya, da waɗanda suka koya daga gare su, su ne suka bazu suka kafa gidajen gini a wurare dabam-dabam na jihohin Neja da Kaduna da Babban Birnin Tarayya. Gidan da na ziyarta reshe ne daga wannan itace, kuma mai gidan bai ɓoye haka ba. Saboda haka duk yabo ko sukar da za a yi a nan, wani ɓangare nasa yana komawa ga tsarin da aka gada tun 1952.

4.2 Yadda Ranar ta Kasance

Na isa gidan da hantsi. An share tsakar gida, an jera tebura a ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro, an shimfiɗa musu zannuwan saƙi, an ɗora ƙananan kaya a kai, irin su kofuna da farantai da kwanonin miya da butocin shayi. Manyan kaya kuwa, wato tuluna da randuna, an ajiye su a ƙasa a kan gammo. Kowane kaya an manna masa 'yar takarda mai ɗauke da sunansa da farashinsa.

An bar ƙofofin ɗakunan aiki a buɗe. A ɗakin farko wani saurayi yana zaune a kan faifan juyi yana harba shi da ƙafa, yana ɗaga curin yumɓu ya zama kofi kafin mai kallo ya gama gyara tsayuwa. Yara sun fi taruwa a nan, har an bar wasu daga cikinsu sun gwada. A bayan gida akwai ramukan da ake jiƙa yumɓu a tace shi, da rumfar shanya, da kuma tanderun da aka gina da bulo mai jure wuta, an tara itace a gefensa. Can gefe guda, a inuwar katanga, wata dattijuwa tana gina randa da hannu. Ba ta da faifai. Ita ce take zagaya randar da baya-baya, tana ɗora igiyoyin yumɓu tana jan su sama da yatsu, tana lailaye ciki da bayan da ɗan guntun ƙwarya.

Ta fuskar tsari dole a yaba wa gidan. Mai ziyara yana iya bin yumɓu da idonsa tun daga rami har zuwa tebur, kuma ba a karɓi ko sisi a bakin ƙofa ba. A kasuwa mutum yakan ga tukunya ne kawai a gama. A nan kuwa ya ga wahalar da ke cikinta, abin da zai sa ya rage rainin da ake yi wa sana'ar.

4.3 Ma'aunin da Aka Bi

Wani zai iya cewa tarke na waƙa ne da zube da wasan kwaikwayo, me ya haɗa shi da tukunya? Amsa ita ce, duk abin da ɗan'adam ya ƙaga da basira yana da zubi, yana da salo, yana kuma da manufa, saboda haka ana iya auna shi. Sai dai ba ma'aunin wata al'umma aka ɗauko ba. An bi abin da matar Bahaushe take dubawa in ta je sayen tukunya: ta ɗaga ta ji nauyinta, ta ƙwanƙwasa ta ji amonta, ta duba bakinta da gindinta, ta dubi adonta, sannan ta tambayi kuɗinta. A kan haka aka kasa tarken gida biyar, wato zubi, da ado, da amfani, da ciniki, da kuma matsayin magina.

4.4 Zubi

Kayan da aka baje sun kasu kashi biyu ta fuskar zubi. Kashi na farko su ne waɗanda aka juya a faifai, kuma siffarsu baƙuwa ce, kamar kofi mai mariƙi da faranti da butar shayi. Kashi na biyu su ne waɗanda aka gina da hannu bisa siffar gargajiya, kamar tulu da randa da kasko.

A kashi na farko an sami aiki mai kyau. Abin da ya fi burge ni a duk baje-kolin shi ne wani kwano mai murfi, mai faɗin baki, wanda zai ɗauki malmalar tuwo biyu. Gindinsa ya zauna daram, kaurin jikinsa ɗaya ne daga ƙasa har baki, murfin ya hau ba ya rawa, kuma in an ƙwanƙwasa shi sai ya yi amo kamar ƙararrawa, alamar ya gasu sosai ba shi da tsaga. A cikinsa ana ganin sawun yatsun magini yana zagayawa, bai goge shi ba. Wannan kwano ya nuna cewa faifan juyi yana iya yi wa abincinmu hidima in magini ya sa abincin a ransa lokacin da yake aiki.

Butocin shayi ba su kai haka ba. Na nemi izini na gwada guda biyu da ruwa, sai na ga ɗaya tana ɗiga ta ƙarƙashin hanci bayan an tsiyaya, ɗayar kuma mariƙinta ya yi ƙanƙanta, yatsu uku kawai yake ɗauka. Dalili a ganina shi ne, maginin yana kwaikwayon siffar abin da ba ya amfani da shi a gidansa. Wanda yake shan shayinsa a wurin mai shayi ba lalle ba ne ya lura da ɗigar buta.

A kashi na biyu, tuluna da randunan da dattijuwar nan da abokan aikinta suka gina sun fi komai kyan tsayuwa. Cikinsu ya fito sosai, kafaɗa ta sauko a hankali, wuya ya ɗaga daidai. Duk da cewa ba a yi amfani da faifai ko ma'auni ba, in mutum ya zagaya randar ba zai ga inda ta karkace ba. Aibinsu ɗaya ne, wato nauyi. Na ɗaga wani tulu babu komai a cikinsa, na ji ba abin da yarinya za ta ɗora a ka ta je rafi da shi ba ne. Tulun gargajiya an san shi da sauƙin ɗauka, domin yawo shi ne aikinsa. Wannan kuwa an gina shi ne don ya zauna wuri ɗaya.

4.5 Ado

Ruwan sheƙin da gidan yake amfani da shi a gida ake haɗa shi, daga tokar itace da garin dutse da yumɓu. In wuta ta kai matuƙa sai waɗannan su narke su zama gilashi a jikin tukunya. Launukan da suke fitowa su ne ruwan zuma, da kore mai duhu, da baƙi mai ratsin ja a gefen baki. Waɗannan launuka suna da kwarjini, ba sa ɗaukar ido da yawa, kuma sun dace da jikin yumɓu. A nan gidan ya cancanci yabo, domin bai dogara da kayan da ake shigowa da su daga waje ba.

Zanen da ke jikin tuluna irin wanda aka san Ladi Kwali da shi ne: ƙadangare, da kunama, da kifi, da tsuntsu, da hawainiya, kowane a cikin gidansa, an raba su da layuka a tsaye, an cika jikinsu da ƙananan zane masu gilma juna. Inda tsofaffin mata suka yi zanen, hannu ya saki, babu ƙadangare biyu da suka zama iri ɗaya, kuma zanen yana bin kumburin tulun, ya faɗaɗa a ciki ya tsuke a kafaɗa. Inda samari suka kwafa shi a kan farantai da kofuna kuwa, sai ya sandare. An ɗauko ƙadangaren da aka ƙaga don ya kewaye cikin tulu an matse shi a jikin kofi, har wutsiyarsa ta shige ƙarƙashin mariƙi.

Abin da ya fi rauni shi ne kayan tsaraba. Akwai 'yan ƙananan randuna da ba su wuce tafin hannu ba, an buga musu tambarin dagi da hatimi, akwai kuma farantai masu taswirar Nijeriya. Dagi ado ne mai daraja a jikin gini da riga da fata, inda ake ba shi fili ya sarƙe ya warware. A jikin waɗannan 'yan randuna an manna shi ne kawai don mai saye ya san daga Arewa kayan suka fito. Wannan ya yi kama da mawaƙin da yake cusa karin magana a baitin da ba ya bukatarta.

4.6 Amfani

A nan ne babbar matsalar take, kuma tana da dalili na kimiyya. Tukunyar gargajiya a fili ake gasa ta da itace da ciyawa, zafin wutar yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyos, kuma gashin ba ya daɗewa. Wannan zafi ba ya narkar da yumɓu, saboda haka jikin tukunyar yakan kasance da ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Ta waɗannan kafofi ruwa yake tsattsafowa bayan randa, iska ta busar da shi, busarwar kuma ta janye zafi daga ruwan da ke ciki. Sanyin ruwan randa ke nan. Har wa yau, waɗannan kafofi da tsingaron da ake dakawa a haɗa da yumɓu su ne suke sa tukunya ta jure harshen wuta a kan murhu ba ta fashe ba.

Tanderu kuwa yakan kai digiri 1,250 zuwa 1,300. A wannan zafi yumɓu yakan haɗe ya yi tauri kamar dutse, kafofin su toshe, ruwan sheƙi kuma ya ƙara rufe su. Sakamakon haka randar tangaran ba ta sanyaya ruwa, tukunyar tangaran kuma in aka ɗora ta a kan murhu tana iya tsagewa.

Domin tabbatar da wannan, na sayi ƙaramin tulu mai sheƙi a baje-kolin, na kuma sayi na gargajiya mai kusan girmansa a kasuwa. Na cika su da ruwan rijiya ɗaya da safe, na ajiye su a inuwa ɗaya. Da la'asar na ba mutanen gidanmu suka sha ba tare da na gaya musu wanne ne daga wanne ba, kuma babu wanda ya yi kuskure. Kakata da ta ga tulun mai sheƙi ta yaba kyansa ƙwarai, sannan ta tambaye ni abin da ake zubawa a ciki. Da na ce mata, Kaka, ai na ado ne, sai ta yi dariya ta mayar mini da shi.

Ba a nan gidan matsalar ta fara ba. Tulunan Ladi Kwali masu sheƙi su ma sun tashi daga kayan ɗiban ruwa sun koma kayan kallo, shi ya sa a yau a gidajen adana kayan tarihi da hannun masu tara kayan fasaha ake samun su. Wannan bai rage mata daraja ba, amma ya kamata a kira abu da sunansa. Tulun da ba a ɗiban ruwa da shi siffar tulu ce kawai ta rage masa.

Duk da haka, adalci ne a faɗi inda tangaran ya fi. Ba ya yoyo, ba ya riƙe warin daddawa ko manja, yana wankuwa tas, ba ya saurin fashewa, kuma yana riƙe zafin kunu da miya. Ke nan a fagen ci da sha ya fi kasko nesa ba kusa ba. A fagen girki da sanyaya ruwa ne ya gaza. Kuskuren gidan shi ne da ya zuba mafi yawan gwanintarsa a kan siffofin da sheƙi yake kashe amfaninsu.

Akwai misalin wata hanyar zamanantar da sana'ar wadda ba ta bi ta tanderu ba. Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta yadda tumatir da tattasai da yalo za su ƙara kwanaki ba su lalace ba. Wannan aiki ya sa ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Abin lura shi ne, kafofin nan da tanderu yake toshewa su ne jarin dabarar tasa, kuma maginan ƙauye ne suke gina tukwanen da kayan aikin da suka gada. A duk baje-kolin ban ga irin wannan tukunya ko guda ba.

4.7 Ciniki da Masaya

Mafi yawan waɗanda suka yi sayayya a ranar a mota suka zo: Turawa da sauran baƙi ma'aikatan ofisoshin jakadanci, da manyan ma'aikata daga Abuja da Kaduna. Mutanen ƙauyen sun shigo, sun yi kallo, sun fita hannu rabbana. Takardun da aka manna wa kaya duk da Ingilishi aka rubuta su, babu Hausa babu Gbagyi, kuma farashi a yanke yake, babu tayi babu albarka. Ga wanda ya saba da kasuwarmu, rashin tayi kamar rufe ƙofar magana ne. Kuɗin kofi ɗaya ya isa a sayi tukwanen gargajiya da dama.

Na gabatar wa mai gidan da wannan koke. Na ce masa, ranka ya daɗe, anya maƙwabtanku za su iya sayen kayan nan? Ya amsa mini da haƙuri, ya bayyana cewa gashi ɗaya yana cin itace mai yawa, ana kwana ana ba tanderu wuta, kuma in aka buɗe akan tarar wasu kayan sun tsage ko sun manne da juna, dole kuɗinsu ya hau kan waɗanda suka tsira. Ya ƙara da cewa ba gidansa ne ya kori tukunya daga ɗakin girki ba, tukunyar alminiyam da bokitin roba da firji ne suka yi haka. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma binciken da aka kawo a babi na uku ya goyi bayanta.

Amma akwai kasuwar da gidan bai waiwaya ba. Bahaushe ba baƙo ba ne wajen kashe kuɗi a kan kwanon da ba za a ci abinci a ciki ba. Jeren ɗakin amarya shaida ne. Daga ƙorai aka koma tasoshi, daga nan aka koma kwalla da samira da fanteka, yanzu kuma tangaran ɗin da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin ne yake cika kabad. Iyaye sukan yi shekaru suna tara waɗannan kaya. Da gidan zai yi jerin kwanoni masu murfi, babba da mabi da shi har zuwa ƙarami, masu launi ɗaya, irin kwanon da aka yaba a sama, da ya sami masaya waɗanda ba sa jiran ranar baje-koli. A gabana wasu mata biyu suka tambayi kaskon turaren wuta, aka ce musu ba a yi. Kasko ne da ba ya bukatar sheƙi ko tanderu, kuma da wuya a sami ɗakin matar aure a ƙasar Hausa da babu shi.

4.8 Matsayin Magina

A cibiyar Abuja ta dā akan buga wa tukunya hatimi biyu: na cibiyar, wanda yake ɗauke da sunan Abuja da haruffan Larabci, da kuma na maginin da ya yi ta. Ta haka ne har yau ake gane aikin Ladi Kwali da haruffan LK. Ba don wannan hatimi ba, da aikinta ya ɓace a cikin na jama'a kamar yadda na dubban mata magina ya ɓace.

A gidan da na ziyarta na kifa kaya da yawa na duba gindinsu. Kayan faifai suna ɗauke da hatimin gida da na magini. Tuluna da randunan da mata suka gina da hannu kuwa, waɗanda su ne mafi tsada a wurin, hatimin gida kawai gare su. Na durƙusa na gaida dattijuwar da take gina randa, na ce mata, Iya, wanne ne naki a cikin waɗancan? Ba ta ko tashi ba ta nuna mini guda uku daga nesa, ta ce da wuyansu take gane su. Ta kuma shaida mini cewa abin da take samu a nan ya fi abin da take samu a kasuwa, sai dai a cikin jikokinta babu wadda ta zauna ta koya.

Wannan magana tana ɗauke da yabo da suka a lokaci guda. Gidan ya ba ta abin da kasuwa ta kasa ba ta, wato kuɗin da ya yi daidai da wahalarta. Amma ya hana ta abin da aka ba Ladi Kwali, wato suna. Yarinyar da take ganin hoton magina a jikin kuɗi tana iya sha'awar sana'ar, amma in ta ga kakarta tana aiki sunan wani yana fita, da wuya ta zauna. Haka kuma a ranar an tsayar da mai bayani a ɗakin faifan juyi, ba a tsayar da kowa a wurin dattijuwar ba, alhali aikinta ne tushen duk abin da gidan yake taƙama da shi.

4.9 Naɗewa

A wannan babi an kawo tarihin gidajen gini na zamani a taƙaice, an bayyana yadda ranar baje-kolin ta gudana, sannan aka auna kayan ta fuskoki biyar. An ga cewa gidan ya yi fice wajen haɗa ruwan sheƙi daga kayan gida, da kyan kwanonin ci, da buɗe wa jama'a ƙofa su ga aiki, da kuma biyan mata magina abin da ya fi na kasuwa. An kuma ga rauninsa wajen nauyin tuluna da mutuwar amfaninsu, da kwafar zane ba bisa dacewa ba, da fuskantar baƙi fiye da maƙwabta, da barin aikin mata babu suna.

Game da tambayar da aka yi a farko, abin da wannan nazari ya gano shi ne, ginin tanderu sana'a ce dabam wadda ta tsiro a gefen ta gargajiya, tana kuma ci daga gare ta. Ba za ta maye gurbinta ba, domin ba ta iya yin aikin randa da tukunyar miya. Saboda haka duk mai son raya ginin tukwane, hukuma ce ko jami'a, kada ya ɗauka cewa in ya gina tanderu ya sayi faifan juyi ya gama. Matan da suke gashi a fili suna bukatar nasu tallafin, kuma in suka ƙare, gidajen zamani ma za su rasa masu gina musu tulunan da suke sayarwa da tsada. Shawarwarin da suka shafi hatimin magina, da rubuta bayanin kaya da harsunan gida, da kasuwar kayan ɗaki, za a kawo su dalla-dalla a babi na biyar.